Ƙwallon Aduwa Ba Shi da Suna: Nasiha ga Masu Kanti a Waya

Ya ku samari da ƴan matan Kurfai, na gida da na Yamai, da waɗanda neman halal ya kai Kwatano da Lome da Abijan. Na ga da yawanku kun buɗe kanti a cikin waya. Wannan yana tallar ragunan layya, waccan cuku da man shanu, wata kuma atamfa da turare. Allah ya sa wa nema albarka. Maganar da nake so mu yi ta shafi yadda mai irin wannan kanti zai san abin da masu saye ke yi a cikin kantinsa, da kuma inda ya kamata sanin nasa ya tsaya. Amma bari in fara da kawuna.

Ina yaro, kawu yana da rumfar yadi a kasuwar Filinge. Kowace Lahadi ni ke ɗaukar masa tabarma da buta. Yana da wata ɗabi'a da na daɗe ban gane kanta ba. Kullum akwai ƴar ƙwarya cike da ƙwallayen aduwa a gefen ƙafarsa. In mutum ya tsaya ya murza yadi tsakanin yatsunsa, ya wuce bai ce uffan ba, sai kawu ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya jefa hagun tabarma. In ya taya aka ce masa albarka, ya tafi bai waiwayo ba, ƙwallonsa dama yake faɗawa. Wanda ya saya ba a jefa masa komai, kuɗinsa sun isa shaida. Da la'asar sakaliya, lokacin da mutanen Shikal da Luma da Bonkuku ke ɗaure kaya a amalanke, sai ya ce, "Yaro, ƙirga mini." In tarin hagu ya rinjaya, kayan ne ba su kama ido ba, mako mai zuwa zai sake abin da yake shimfiɗawa a gaba. In na dama ne ya rinjaya, kaya sun yi, farashi ne ke korar mutane, ko kuwa wani a layin ya karya kuɗi. Kawu bai shiga lakkal ba, amma bai taɓa naɗe tabarma yana cewa "yau kasuwa ta ƙi" ba tare da ya san ta ina ta ƙi ba.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ku da kuka ɗauki rumfa kuka sa a waya kun sami kasuwar da kawu bai taɓa mafarkinta ba, sai dai kun rasa idon. Mutum zai shigo shafinka da ƙarfe ɗayan dare daga Kwatano, ya yi ta juya hotunan raguna, ya tsaya a kan wani uda mai rabi fari rabi baƙi, ya duba kuɗinsa, ya fita. Ba sallama, ba tayi. Gari ya waye ka ce jiya ba wanda ya leƙo, alhali mai saye ya zo har bakin ƙofa ya juya.

Wannan makanta ta dami manyan ƴan kasuwar duniya tun kafin ta dame ku. A 1994 wani injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, Lou Montulli, ya ƙirƙiro ƴar alamar nan da ake kira kuki, wadda shafi ke ajiyewa a na'urar mai ziyara domin ya tuna cewa wanda ya sa kaya a kwando ɗazu shi ne wannan da ya zo biya. A 2005 kamfanin Google ya sayi wata manhajar ƙidaya mai suna Urchin, ya sake ta kyauta da sunan Google Analytics. Sabon samfurinta, na huɗu, ya fito a Oktoban 2020, tsohon kuma ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yulin 2023. Facebook ma yana da tasa, Pixel, tun 2015. A sabon tsarin na Google, kowane motsi na mai ziyara aukuwa ce da ake rubutawa: ya buɗe shafi, aukuwa, ya danna maɓalli, aukuwa. Wasu manhajar ke ƙirga su da kanta. Wasu an riga an raɗa musu suna domin masu kanti, kamar duba kaya, sa kaya a kwando, fara biya da kammala saye. Kashi na uku su ne waɗanda kai mai kanti za ka zauna ka yanke shawarar cewa kana so a ƙirga, ka ba su suna da kanka. Waɗannan su ne ƙwallayen aduwar kawu.

Mu muka fi kowa buƙatar kashi na ukun, domin rigar an ɗinka ta ne da awon wani. An gina manhajojin nan a kan mai saye da zai zaɓi kaya, ya rubuta lambar katin banki, ya biya nan take, a kawo masa har ƙofar gida mai lamba. A wurinmu cinikin ba ya ƙarewa a shafi. Mai saye zai ga cuku, ya tsallaka WhatsApp, ya aiko saƙon murya, a gaisa, a tambayi mutanen gida, a yi tayi, a sallama. Sannan ya je ya turo kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money, ko ya ce sai kaya sun iso hannunsa. Direban da ke bin hanyar Baleyara, kilomita wajen 180 tsakanin Filinge da Yamai, shi ne zai kai. In ka dogara da ƙidayar da manhaja ta zo da ita, za ta shaida maka cewa ba wanda ya taɓa sayen komai a kantinka, alhali kana ta ɗaure kaya. Saboda haka kai za ka gaya mata abin da ake kira ciniki a ƙasarku: danna maɓallin WhatsApp, danna lambar kira, buɗe shafin kuɗin mota, kwafar lambar da ake turo kuɗi, sauraron bayanin murya da ka ɗora domin wanda karatu bai dame shi ba.

Ƴar ƙanena tana zaune a Yamai, tana sayar da cuku da man shanu da waken gida ga ƴan Kurfai da ke birni, tana kuma aika atamfa da turare zuwa gida. Wani abokin karatunta ya haɗa mata ɗan shafi. Wata rana ta kira ni ranta a ɓace. "Baba, mutane na shiga amma ba sa saye. Zan rage kuɗin cukun." Na ce, "Ƴata, wa ya gaya miki kuɗin cukun ne?" Ta ce ai ba sai an faɗa ba. Na ba ta labarin ƙwaryar kawu, ta yi dariya, amma ta sa yaron ya ɗora mata aukuwa huɗu: duba kaya, sa a kwando, duba kuɗin mota, danna WhatsApp. Bayan makonni uku muka zauna muka duba. Mutane suna ganin farashin cuku, suna sa shi a kwando ba gardama. Wurin da suke watsewa shi ne inda kuɗin kai kaya ke bayyana, a can ƙarshe, bayan mutum ya gama lissafinsa a zuci. Wanda ya zo sayen cukun jaka biyu, aka ce masa ya ƙara jaka guda ta kabu-kabu, ina zai tsaya? Da ta rage kuɗin cukun, da ta yi asarar riba a banza, masu gudu kuma su ci gaba da gudunsu. Abin da ta yi shi ne ta rubuta kuɗin kai kaya a fili kusa da kowane hoto, ta kuma tara aike na unguwa ɗaya a rana ɗaya domin a raba kuɗin. Ashe ciwon ba nata ba ne ita kaɗai. Cibiyar Baymard ta ƙasar Danmak, wadda ta daɗe tana nazarin kantunan intanet, ta nuna cewa kusan kwando 70 cikin 100 ana barinsu ba a biya ba, kuma ƙarin kuɗin da ke ɓullowa daga baya, irin na aike, yana kan gaba cikin dalilan da masu saye ke bayarwa.

To ga shawarata ta farko: tambaya ke zuwa kafin ƙidaya. Kawu tari biyu kawai yake yi, domin tambayarsa ɗaya ce, kaya ne ko farashi? Ku dubi gidan gonar kiwo na Tukunus, arewa da Filinge, inda tun 1954 ake kiwon shanun Azawak. Ana auna madarar saniya a rubuta ne domin a san wadda za a bar wa iri. Ba wanda ke ƙirga sau nawa ta kaɗa wutsiya. Manhaja za ta ba ka damar ƙirga abubuwa barkatai, kowace aukuwa ma kana iya rataya mata ƙarin bayani har guda 25, kamar sunan kaya da farashi da girma. Matashi in ya ga haka sai zumuɗi ya kwashe shi, ya ɗora aukuwa talatin, ya wayi gari da allo cike da zane-zane da ba ya iya karantawa. Kafin ka ɗora kowace, tambayi kanka: in lambar nan ta hau me zan yi, in ta sauka me zan yi? In amsar duka biyun "ba komai" ce, bar ta. Ka tuna kuma kowace manhajar bibiya da ka liƙa wa shafi nauyi ce. Mai saye da ke Abala ko Sanam, da rezo mai zuwa yana ɗaukewa da ƴan megan da ya saya na yini, shi ke biyan kuɗin son saninka.

Ta biyu: ka tsare suna kamar yadda mai awo ke tsare tiyarsa. Ka buɗe littafi ka rubuta kowace aukuwa, da ma'anarta, da ranar da ka ɗora ta. Google yana bambanta babban baƙi da ƙarami, saboda haka in yau ka rubuta danna_waya gobe yaronka ya rubuta Danna_waya, sun zama abu biyu, lissafi ya rabu. Ƙidaya kuma ba ta komawa baya, daga ranar da ka ɗora take farawa. In ragunan layya kake so ka fahimta, kada ka bari sai ana saura kwana uku Salla. Da ka ɗora, ɗauki wayarka ka shiga kamar baƙo, ka danna, ka tabbata ƙwallon ya faɗa inda ya kamata, sau ɗaya ba sau biyu ba. Sannan ka cire ziyararka daga lissafi. Na san wanda ya yi wata guda yana murnar wani amintaccen mai ziyara da ke leƙowa sau ashirin a yini, ashe shi ne da kansa.

Ta uku: ka haɗa abin da allo ya ce da abin da aljihu ya ce. Maɓallin WhatsApp ana iya shirya shi yadda in an danna saƙo zai buɗe da rubutu a ciki, misali sunan kayan da ake kallo. Haka nan adireshin da kake rabawa ana iya yi masa ƴar alama a wutsiya, ta Facebook daban, ta TikTok daban, ta zauren ƴan garinku daban, domin ka san ta wace ƙofa mutane ke shigowa. Amma danna maɓalli ba biya ba ne. Duk daren Lahadi ka zauna da littafin ciniki: mutum nawa suka danna, nawa suka yi magana, nawa suka turo kuɗi. Wata ƙofar taron ƴan kallo take kawowa, wata kuma mutum biyar take kawowa, huɗu su saya. Wanda kuwa ba shi da shafi, Status da WhatsApp kaɗai yake da su, kada ya ce maganar ba tasa ba ce. Alamomin launi da WhatsApp Business ke bari a liƙa wa kowace hira, ko ma biro da takarda, sun isa yin tarin hagu da na dama.

Ta huɗu: kada lamba ta ruɗe ka. Manhaja waya take ƙirgawa, ba mutum ba. A gidajenmu waya ɗaya tana zagaya hannu biyar, wani kuma shi kaɗai yana da uku. In rezo ya yanke mutum ya sake buɗe shafi, ƙidaya na iya ninkawa. Mu ɗauka mutum goma suka shigo jiya biyu suka saya, yau goma suka shigo ɗaya ya saya. Ba a ce ciniki ya faɗi da rabi, mutum ɗaya ne ya je suna. Ka jira makonni kafin ka yanke hukunci. Ka kuma san cewa kasuwarmu tana da lokutanta: kaka ba ɗaya take da bazara ba, ƙarshen wata da albashi ya shiga ba ɗaya yake da tsakiyarsa ba, jajibirin Salla kuwa ko dutse ka kasa sai an taya. In za ka gyara, gyara abu ɗaya ka jira. Wanda ya sake hoto da farashi da kuɗin mota rana ɗaya, ko ciniki ya tashi bai san wa zai gode wa ba. Lamba tana nuna maka inda mutane suka juya ne kawai. Dalilin juyawar sai ka ɗaga waya ka tambayi tsofaffin abokan cinikinka, cikin ladabi, kamar yadda kawu kan tsayar da mutum ya ce, "Malam, me ka gani a yadin nan da bai yi maka ba?"

Yanzu ga wadda ta fi nauyi, kuma a nan ni ne na yi kuskure. Da na ga dabarar ta yi aiki, sai na ce wa ƴata ta riƙa bin waɗanda suka yi tambaya ba su saya ba, ta tuna musu. Akwai wani magidanci da ya tambayi kuɗin atamfa turmi shida da turare da akwati, aka yi lissafi, ya yi shiru. Bayan kwana biyu ta aika masa: kayan da ka duba suna nan, in ka shirya sai a ɗaure. Wayar tana hannun uwargidansa. Ba ta san da maganar ƙarin aure ba. Abin da ya biyo baya ba na faɗa a takarda ba ne. Mutumin bai sake sayen ko allura a wurinmu ba, kuma ya yi gaskiya. Ya shigo kanti ne da sirrinsa, mu muka bi shi da shi har ɗakin matarsa.

Manya ma sun taka wannan ƙaya. A 2012 jaridar New York Times ta ba da labarin yadda kantunan Target na Amurka ke gane mace tana da juna biyu daga sauyin abubuwan da take saye, su fara aika mata tallar kayan jarirai tun ba ta gaya wa kowa ba. Da suka lura abin yana tsorata mata, sai suka riƙa cakuɗa tallar da ta wasu kaya domin kada a gane ana bibiya. Dabara ce, amma dabarar mai leƙen katanga ce. Addininmu ya riga ya rufe wannan ƙofa, domin aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Dokar ƙasa ma ta yi magana: Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a Disamban 2022, an kuma kafa hukumar HAPDP domin sa ido a kai. Google da kansa ya hana a tura masa suna ko lambar waya ta cikin ƙidayarsa. Mu kuma muna da wani dalili da ba sai an yi dogon bayani ba. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, jerin sunayen waɗanda suka sayi manyan raguna, da kuɗin da suka biya, da ƙauyen da aka kai, ba abin da za a bari a wayar da ba ta da makulli ba ne, balle a tura shi zauren abokai ana alfahari.

Saboda haka ka gaya wa masu shigowa shafinka, da Hausar da za su gane, cewa kana ƙirga ziyara domin gyaran kanti. Kada ka karɓi bayanin da aikinka ba ya buƙata. Wanda ya ba ka lambarsa domin a kai masa man shanu, domin man shanu ya ba ka, kada ka jefa shi zauren talla bai ce yana so ba, kada ka sayar wa wani, kada ka ba ɗan siyasa. In za ka tuna wa mutum ciniki, tambaye shi tun farko ko ya yarda, kuma kada saƙonka ya ambaci abin da ya duba. Duk abin da za ka ji kunyar gaya wa mai saye ido da ido cewa kana rubutawa a kansa, kada ka rubuta.

Sai da na girma na lura cewa kawu lissafi biyu yake yi. Na ƙwallayen aduwa a fili yake, kowa na gani, da an ƙirga kuma sai in kwashe in mayar cikin ƙwarya, ba wanda zai ce wannan na wane ne. Ɗayan kuwa ɗan littafin bashi ne da yake rubutawa da ajami, mai ɗauke da sunaye: wanda ya karɓi yadin suna sai kaka, wanda ya ɗauki likkafani ba ko dala a hannunsa. Wannan a aljihun ciki yake kwana, ni da nake ɗaukar masa buta ban taɓa ganin cikinsa ba. Ranar da ya rasu aka buɗe, aka tarar ya soke sunaye da yawa da hannunsa. A wurin zaman makoki wani tsoho daga Shikal ya ce shekara talatin yana cin bashin kawu, ko maƙwabcin rumfarsa bai taɓa sani ba.

Wayar da ke hannunku tana iya riƙe lissafin nan biyu, kuma ba za ta raba muku su ba sai kun raba da kanku. Allah ya ba ku kasuwa mai albarka, ya sa ku gama da masu sayenku lafiya.